Baba Ya Ce Bai San Shi Ba

Kafin ku cika ƙasan rubutun nan da faɗa, ku bari in fara gaya muku yadda gidanmu yake. In ba ku san shi ba, ba za ku gane yadda aka yi mutumin da ke zuwa ƙofarmu duk ranar Alhamis ya kwana a bayan kanta saboda mu ba.

Ni ce Ummu Hani, a Nasarawa nake cikin Birnin Kebbi. Goggo, ƙanwar Baba, ita ta rene ni tun rasuwar Inna. Mutumin kuwa Munzali ne, ɗan Argungu, mai gyaran injin ban ruwa. Kun ga na rubuta sunan nan tsaf? To, rubutawar kawai na iya. Tunda muke ban taɓa furta shi da bakina ba sai a makon nan. A wayata ma "Mai Inji" na sa masa.

Duk Alhamis bayan la'asar jan babur ɗinsa zai tsaya a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Goggo za ta zuba zoɓo mai sanyi a jug ɗin da ba a taɓawa sai baƙi, ta ajiye a bakin zaure, ta ce ita mantuwa ta yi da shi a can. Baba kuwa in zai fita masallaci sai ya juya fuska yana kallon katangar maƙwabta kamar zai saye ta. Munzali ya durƙusa ya gaishe shi, shi kuma ya amsa wa iska ya wuce. Manyan Munzali ba su zo gaisuwa ba tukuna, sun ce sai an kwashe albasa, don haka a gidanmu babu wanda "ya san" da shi. Na taɓa tambayar Goggo amfanin wannan wahalar, tunda kowa ya sani. Ta ce ni dai tambaya ce za ta yi ajalina. Gaskiyarta, Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf.

Ranar Asabar da hantsi ina tankaɗe garin tuwo saƙo ya shigo daga Ruƙayyatu, ƙanwarsa.

"Anti Ummu, an kama Yaya tun jiya da sahe. An sace injuna a fadamar Augie ran Alhamis bayan la'asar, wai an ga mai jan babur, kuma shi ka gyara injunan. Yac ce musu yana gidanku. Sunka je sunka tambayi Babanku, yac ce bai san shi ba."

Rariyar ta suɓuce daga hannuna. Nan take na tuna: jiya bayan sallar Juma'a wasu mutum biyu cikin farin kaya sun yi sallama da Baba yana zaune a tabarma da abokansa. Ni kuma, kun san hali, ina laɓe a bayan ƙofar zaure. Sun ce su 'yan sanda ne, suka tambaya ko akwai wani Munzali da ke zuwa wurin 'yarsa. A gaban dattawan unguwa fa. Baba ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ni ban san wani mai zuwa gidana ba." Suka yi godiya suka tafi, ba su faɗi dalili ba, shi ma bai tambaya ba. Har murmushi na yi a lokacin, ina cewa kawaicin Baba sai shi.

Ban gama share garin da ya zube ba wata baƙuwar lamba ta kira. Wani ne ya ce sunansa Sufeto Nasrullahi, suna gayyatata ofishinsu a Argungu ranar Litinin don su yi min 'yan tambayoyi. Muryarsa a sanyaye take.

Goggo ta ji komai, don wayata ba ta da sirri. Ta ajiye muciya ta ce, "Ɗiya mace a caji ohis? A gidan ga? In ma dole ta sa kin tahi, abin da ubanki yac ce shi za ki ce. Ba ki san kowa ba."

"Goggo, ai kuwa yana nan ran Alhamis. Ke kika..."

"Ni ban ga kowa ba. Ki buɗe baki ki mai da ubanki maƙaryaci gaban hukuma, ki ga in kina da sauran wurin zama."

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado. Tsoro nake ji, kuma ina jin haushin kowa. In na bi maganar Goggo, Munzali zai tafi kotu a matsayin ɓarawo. In na faɗi gaskiya, na ƙaryata Baba. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da ke cina: wai shin mutum yana da wani iko a gaban ɗan sanda, ko kuwa duk abin da aka ce ya yi shi zai yi? Ban taɓa sani ba, kuma ban san wanda ya taɓa gaya min ba.

Sai na tuna Foluke, 'yar Baba Gbadebo mai shagon kayan gini a bakin titinmu. A Nasarawa aka haife ta, tare muka yi wasan 'yar carafke, kuma in tana zuba Hausar nan tamu sai ku rantse daga Gwandu kakanninta suka fito. Yanzu lauya ce. Na tura mata saƙo mai tsawo, na ƙare da tambayoyi a jere. Dole ne in je? Za su rufe ni? In na yi shiru laifi ne? Za su karɓe min waya?

Ta amsa: "Ke da tambaya! Kar ki sake magana da kowa kan batun ga ta waya. Ina zuwa, ki aje min ƙanzo."

Ta zo da yamma cikin doguwar riga ruwan toka da ɗan mayafi, ta gaida Goggo har ƙasa, muka shige ɗaki. Tana cin ƙanzo da ƙuli tana yi min bayani.

"Na farko, kina da ikon zuwa da lauya, kuma ni za ni raka ki. In munka isa, za mu tambaya: shaida kike ko wadda ake zargi? Na biyu, ba mai tilasta miki amsa tambaya. Kina iya cewa sai kin yi shawara da lauyarki."

"Ashe shiru ba laifi ba ne?"

"Shiru haƙƙinki na. Ƙarya ita al laihi. Kar ki haɗa su."

"To in ban tabbata da abu ba fa?"

"Ki ce ba ki sani ba. Kar ki yi kintace don ki gyara magana, ko don ki taimake shi. Abin da idonki yag gani, shi kaɗai. Kuma kar ki sa hannu kan takarda sai an karanta miki ita da Hausa, kin yarda maganarki ta."

Na tambaye ta Munzali fa. Ta ce ta riga ta kira Ruƙayyatu, ta ce a gaya masa kada ya sa hannu a kan komai sai ta zo. Sai na yi tambayar da ta fi damuna: za a kama Baba don ya ce bai san shi ba? Ta lashe yatsa ta ce a tsaye aka tambaye shi, bai sa hannu a ko'ina ba, kuma mutum yana iya zuwa da ƙafarsa ya gyara maganarsa. "Amma wa zai hwaɗa wa Baba haka? Ke?" Muka kalli juna. Ko a mafarki ba zan iya ba.

Baba bai ce min komai ba a kwanakin nan. Na dai lura ya daina kunna rediyonsa, kuma tuwon da ake kai masa yana dawowa kusan yadda aka kai shi.

Ranar Litinin Goggo ta ce ƙafarta ƙafata. Ita ta zaɓar min kaya: tsohuwar atamfa mai ruwan ƙasa da hijabi har ƙasa, ta sa na goge kwalli. Lallen hannuna ne kawai ya gagare ta, ta ce in ɓoye shi cikin hijabi. Muka shiga 'yar motar Foluke. Duk hanya shinkafa ce kore shar a fadama, da buhunan albasa a jibge a bakin titi, ga ƙarar injuna tana tashi daga gonaki. Ban taɓa kula da yawansu ba sai ranar.

Na zaci zan tarar da ihu da sanduna. Sai na ga ɗaki mai benci, fanka tana juyawa da ƙyar, wata 'yar sanda tana cin ƙosai a takarda. Na ga ƙofar ƙarfe a ƙarshen wani lungu, na kasa ɗauke ido daga kanta. Sufeto Nasrullahi dogo ne mai furfura a gemu. Foluke ta gabatar da kanta, ta tambaye shi matsayina.

"Shaida ce kawai, Barista," in ji shi.

Ya tambayi sunana da unguwarmu, na faɗa, yana rubutawa. Sai ya ɗago.

"Kin san wani Munzali?"

Jama'a, harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutsen niƙa. Goggo tana manne da ni a benci, ina jin ɗumin kafaɗarta. Na sunkuyar da kai, abin da aka koya min tun ina ƙarama in an ambaci namiji a gaban manya.

"Ba ta san kowa ba, Yallaɓai," Goggo ta ce. "Yarinya ta, ba ta hita."

Na ga biro ya sauka a kan takarda.

"Yallaɓai, dakata," in ji Foluke a hankali. "Ba ita ta amsa ba. Shirunta ba i ba na, ba a'a ba na. Ina neman izini in gana da ita."

Ya ajiye biron ya nuna mana baranda. A can Foluke ta riƙe hannuna, lallen ya fito fili.

"Ummu, kina iya yin shiru mu koma gida, ba mai taɓa ki. Amma shirun ga ba shi hidda shi daga can ciki. In kuma kina so, sai in roƙi Goggo ta jira waje."

Na leƙa ta taga. Goggo tana zaune ta ƙanƙame jakarta, ta yi ƙanƙanta a kan bencin nan. Matar da ke tashi ta jiƙa zoɓo tun safiyar Alhamis. Na ce a bar ta ta zauna, na gaji da ɓoye abin da kowa ya sani.

Muka koma. Na kalli gemun Sufeto, don ba zan iya kallon idonsa ba, na ce, "Na san Munzali."

Sunan ya fito kamar ba da muryata ba. Goggo ta ja numfashi, ta yi salati ƙasa-ƙasa. Daga nan kuma sai bakin ya buɗe. Na ce ya zo ran Alhamis bayan la'asar, da shuɗiyar riga, muna zaure har aka kira magariba.

"Ƙarfe nawa ya iso?"

Saura kaɗan in ƙirƙiro lokaci. Na tuna maganar Foluke, na ce, "Ban duba agogo ba. An dai fito la'asar ba da jimawa ba."

Ya ce ko akwai saƙo a wayata. Son tambayata ya motsa, na ce, "Yallaɓai, wayar duka kake so ko saƙon?" Ya ɗan murmusa ya ce saƙon ya isa. Na buɗe da hannuna na nuna masa: "Na iso, ina gindin dalbejiya." Ya ga "Mai Inji" a sama, ya yi tari ya ci gaba da rubutu.

Da ya gama ya miƙo min biro. Na ce a karanta min da Hausa tukuna. Ya karanta tiryan-tiryan, har ya zo inda aka ce na gan shi yana sallar magariba a masallacin unguwarmu.

Raina ya ce ki bar shi haka, ai taimakonsa ne. Amma ban gani ba. Na ce, "Yallaɓai, ban gan shi yana salla ba. Na dai ga ya nufi masallaci, ni kuma na shige gida." Ya soke layin ya gyara, na sa hannu a gefen gyaran, sannan na sa a ƙasa.

Ya jingina da kujera. "Kin yi gaskiya, 'yata, ni ma zan yi miki. Saƙo mutum yana iya turo shi daga ko'ina. Ke kuma mai son sa ce. Mai gidan da kansa ya ce bai san shi ba. Ina buƙatar wanda ya gan shi ban da ke, in ba haka ba sai dai kotu ta raba."

Idona ya cika da hawaye. Na zubar da kunyata a gaban Goggo, na ƙaryata Baba a rubuce, kuma ga shi bai wadatar ba. Na juya in kalli Goggo, sai na ga ta miƙe ta gyara mayafi ta fice. Na ce shi ke nan, ta yi fushin da ba za ta sauko ba.

Ba a jima ba na ji sallamar da na fi sani a duniya. Baba ne, cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a, Goggo tana bayansa. Ashe tun safe ya biyo mu a motar haya, yana zaune a rumfar mai shayi a tsallaken titi. Na zame daga benci na durƙusa a ƙasa. Ko kallona bai yi ba.

"Ɗiyar Gbadebo," ya ce wa Foluke, "zo zauna kusa gare ni. An ce ni ma ina da ikon haka."

"Kana da shi, Baba."

"Tau. Yallaɓai, ran Juma'a yaranka sunka tambaye ni gaban mutane, nib ba su amsar da uba ka badawa. Ban san rai na a ciki ba. Na zo in gyara. Ka rubuta, in ka ƙare ka karanta min."

Sufeto ya ɗauko sabuwar takarda.

"Na san yaron. Ran Alhamis ina zaune ƙohwar gida yaz zo, an hito la'asar ke nan. Babur nai ja na, madubin hagu a hwashe, ya ɗaure shi da roba. Magariba kahwaɗa da kahwaɗa munka yi ta, sahu na biyu, yana warin man inji. Da munka hito shi ya juya min takalmana, kullum haka shika yi. Liman ya gan shi, ladan ya gan shi, in kana son su sai in kawo maka."

Sai ya karanto lambar babur ɗin da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ni da ake zuwa dominta ban san lambar nan ba. Na saki baki ina kallon mutumin da na sha zaton katanga yake kallo. Tambayoyi suka cika min ciki, amma ranar dai na haɗiye su.

Aka karanta masa, ya saurara da ido a rufe, ya sa hannu. Foluke ta nemi beli, Sufeto ya ce za a ba da shi bincike ya ci gaba, sai dai a samu mai tsaya masa. Ruƙayyatu tana waje tana kiran kawunsu a waya, Baba ya ɗaga hannu.

"Ni ka tsaya mai."

Da aka buɗe ƙofar ƙarfen nan Munzali ya fito ba takalmi, rigarsa duk ta yamutse, ya rame a 'yan kwanakin. Ya gan ni, ya ga Goggo, sai ya ga Baba. Ya zube ƙasa yana gaisuwa. Na jira Baba ya juya fuska kamar kullum. Bai juya ba. Ya dube shi ido cikin ido.

"Munzali."

"Na'am, Baba."

"Yau an rubuta ga takardar hukuma cewa na san ka, kuma na sa hannu. Ba ni iya komawa in ce ban sani ba. Ran Alhamis ko dai in ga manyanka, ko kuwa kar in sake ganin babur ɗin ga a gindin iccena. Albasa ta jira."

Munzali ya sunkuyar da kai. Tun ranar kuma saƙo ɗaya kawai ya turo min: "Na gode, Ummu. Ki yi min addu'a." Na tambaye shi ko za su zo, na sake tambaya, saƙon yana nuna ya karanta.

Yau Alhamis nake rubuta muku wannan. Tun safe Goggo ta share zaure har sau biyu, ta shimfiɗa babbar dardumar da ba a fito da ita sai da salla, ta jiƙa zoɓo cikin babbar roba, tana ta faɗin ita fa ba ta san da zuwan kowa ba. An fito la'asar. Ina laɓe a bayan ƙofar zaure, wayar nan a hannuna, gindin dalbejiya babu kowa tukuna. Baba ya jawo kujerarsa ya zauna a ƙofar gida, ya ba katangar maƙwabta baya, yana kallon hanya.